Yatsan Baba Saje

Shekaru sun wuce, amma har yau ban manta da Asabar ɗin da na shugabanci rumfar zaɓe a ƙauyenmu da ke gindin dutse, bayan garin Manga a ƙasar Zuru, ba. Na so in manta, ta ƙi mantuwa. Da na ga sunayenku, ku ƙannena malamai, cikin jerin waɗanda za su yi aikin zaɓe na wucin gadi bana, sai na ga gara ku ji labarin daga bakina, tun da ba za ku same shi a takardar horo ba. Ba labarin bajinta ba ne. Laifi na yi, kuma har yanzu akwai wuraren da ban gama gane kansu ba.

Sunana Markus. Malamin firamare ne ni, karatuna bai wuce na horon malamai ba, kuma a lokacin ni ne magatakardan ikilisiyarmu. Zaɓen na kansiloli ne. Ga wanda bai taɓa yi ba, ga yadda aikin yake. Ana tara mu a cikin garin Zuru a horar da mu, a sa mu rantsuwa cewa ba za mu karkata ga kowa ba. Kowace rumfa tana da shugaba da mataimaka. Wani ya duba sunan mutum a rajista, wani ya shafa masa tawada a farce, shugaba kuma ya buga hatimi a bayan takardar ƙuri'a ya sa hannu ya miƙa. Mai zaɓe ya shiga lungun da aka kange, ya dangwala, ya naɗe, ya jefa a akwati. Wakilan jam'iyyu suna zaune suna kallo. In an gama, a nan take za a zube akwatin a gaban jama'a, a ƙirga da ƙarfi, a rubuta sakamako, wakilai su sa hannu.

Akwai ƙa'ida ɗaya da aka karanta mana wadda ban ɗauke ta da muhimmanci ba. Makaho yana da 'yancin zuwa da wanda ya yarda da shi, ya shiga lungun tare da shi ya taimake shi. Mu ma'aikata aikinmu mu tabbatar an bar shi ya yi hakan, ba mu kama masa yatsa ba.

Mutum uku ne suka tsaya a mazaɓarmu. Akwai Yohanna, ɗan ikilisiyarmu, jam'iyyarsa mai alamar tulu. Akwai wani ɗan kasuwa mai ƙarfi na jam'iyya mai alamar garma. Sai Malam Umaru mai gyaran famfo, Musulmi ne daga wani ƙauye can gaba, a wata ƙaramar jam'iyya mai alamar fitila, wadda ko wakili ba ta samu ta turo rumfarmu ba. Kowa ya san takarar tsakanin tulu da garma take.

Mako guda kafin zaɓen, dattawan ikilisiya suka zauna bayan sujada. Dattijo Ishaku, wanda shi ne babba a cikinsu, ya ce kada mu raba ƙuri'armu. Ya tuna mana da rafin da ke raba mu da hanya duk damina, yadda mata masu naƙuda suke jira ruwa ya janye. Ya ce ɗanmu ne kawai zai tuna da wannan rafin. Gaskiya ya faɗa, kuma ni na rubuta shawarar da hannuna a littafin taro. Fasto bai faɗi sunan kowa a kan bagadi ba, cewa ya yi mu yi addu'a, kowa ya bi lamirinsa. Amma dattawa sun bi gida gida, zumuntar mata ma ta yi nata. Ni kuwa na shiga wannan Asabar da rantsuwa biyu a kaina, ta hukuma da ta ikilisiya, ban kuma taɓa tunanin za su yi karo ba.

A barandar makarantarmu muka kafa rumfa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe sai ga Baba Saje Bitrus, matarsa Mama Rifkatu tana riƙe da sandarsa ta gaba. Tsohon soja ne, idonsa ya rufe shekaru kaɗan kafin nan. Tun da ya ajiye kaki bai taɓa fashin zaɓe ba, kuma ranar zaɓe kaɗai yake fito da tsohuwar hularsa ta soja. Shi da mahaifina, marigayi Ayuba, tare suka yi golmo, wato noman shekaru da samari suke yi a gonar surukai kafin a ba su mata. Don haka uba nake ɗaukarsa.

Aka tantance shi, na buga hatimi, na ce, “Mama, sai ki shiga da shi.”

Ya doka sandarsa a ƙasa. “Tsaya nan, Rifkatu! Ba da ke ba.”

“Ikon Allah,” in ji Mama. “Shekara nawa ina kai maka tuwo gabanka ban taɓa ba ka na wani ba, yau ne ba ka yarda da hannuna?”

“Tuwo daban, ƙuri'a daban. Ke ce shugabar zumuntar mata. Inda Ishaku ya nuna, can za ki ja ni kamar akuya.”

Layi ya fashe da dariya. Mama ta ce, “To ka nemo wanda zai ja ka, tsohon rigima.”

Ya juyo da fuskarsa inda ya ji muryata. “Ɗan Ayuba. Kai ka yi rantsuwa, ko ba haka ba?”

“Na yi, Baba. Amma doka ta ce ba ni ba.”

“Doka ta ce wanda na yarda da shi. Da kai na yarda.”

Na dubi wakilai. Na garma ya ce, “Ni dai gara Malam da Mama.” Na tulu ya ce ba shi da ja. Kuskurena na farko ke nan. Da na tsaya kan ƙa'ida na ce ya zaɓi wani daga cikin layi, da babu labarin da zan ba ku yau. Amma na ji daɗin yabon. A gaban ƙauye duka aka ce ni ne amintacce.

Muka shiga lungun, kwali ne kawai muka jingina da bango. Na shimfiɗa takardar. Tulu yana sama, garma a tsakiya, fitila a ƙasa. Ya sunkuyo kusa da kunnena.

“Fitila. Umaru mai famfo.”

Na ce, “Baba, ka tabbata?”

“Shawara na tambaye ka?”

Na kama babban yatsansa na taɓa shi a tawada. Yatsan yana da kauri da kanta, yana ɗan rawa irin ta tsufa, kuma ya sake mini shi gaba ɗaya, yadda mutum yake sakin jiki a hannun wanzami. Abin da ya ratsa kaina a lokacin bai kai numfashi uku ba, amma na daɗe ina jujjuya shi. Na ce a raina, Umaru ba zai ci ba, ko shi ya sani. Wannan ƙuri'a zubar da ita za a yi. Idan garma ta wuce tulu da ƙuri'a ɗaya fa? Rafin nan fa? Tsohon nan shi ma ta rafin nan za a bi da shi in ya kwanta ciwo. Ban ji kamar ɓarawo ba, ku yarda da ni. Ji na yi kamar ina gyara wa uba kuskure. Na ɗaga yatsan na kai shi sama, na danna a kan tulu.

“Ya hau?” ya tambaya.

“Ya hau, Baba.”

“Allah ya yi maka albarka, ɗan Ayuba.”

Na naɗe takardar na sa a hannunsa, shi ya jefa da kansa.

Abin da ban yi tunani ba shi ne Baba Saje ba ya tafiya gida sai an ƙirga. Mama ta zaunar da shi a benci a gindin mangwaro, ya jira. Wajen ƙarfe uku muka zube akwati. Ina ɗaga takarda ɗaya ɗaya, jama'a suna amsawa. Tulin tulu ya yi tsawo, na garma ya bi shi. Guda uku suka lalace, don an dangwala a kan layi ko a gida biyu. Wurin da na ware wa fitila a kan tebur kuwa babu komai. Sai a lokacin na farga. Ashe a duk rumfar mutum ɗaya ne ya so fitila, kuma yana zaune yana saurare.

Na faɗi na tulu, aka yi tafi. Na faɗi na garma. Na rage murya na ce, “Fitila, babu.”

“Malam Markus,” in ji Baba daga gindin mangwaro. A gaban jama'a da sunan aiki yake kirana. “Maimaita na ƙarshen.”

“Babu ko ɗaya, Baba.”

Yanzu kowa ya gane inda tsohon ya nufa da ƙuri'arsa. Sirrinsa ma ya tonu ta dalilina.

“Yaya za a yi babu? An duba ƙarƙashin tebur?”

Wannan ita ce dama ta biyu da Allah ya ba ni, na kuma zubar da ita. Na ce, “Baba, akwai uku da suka lalace. Wataƙila hannunka ya motsa, tawadar ta taɓa layi.”

Ya ɗaga hannun damansa kusa da fuskarsa kamar mai gani. Sa'an nan ya yi 'yar dariya ya ce, “Ashe hannun ma ya yi ritaya.” Ya cire hular sojan ya cusa a aljihu. “Rifkatu, mu je.”

Kafin rana ta faɗi na kai sakamako cibiyar tattarawa ta mazaɓa. Mai duba rumfunanmu yana zaune, shugabannin rumfuna sun yi layi a gabansa. Da na iso na ce, “Ranka ya daɗe, idan ma'aikaci ya taimaki makaho da kansa, kuma…”

“Wakilai sun sa hannu?”

“Sun sa.”

“An yi faɗa?”

“Ba a yi ba.”

“To rumfarka ta fi ta kowa lafiya. Na gaba!”

Ban ce laifinsa ba ne. Rabin magana na kawo masa, ya amsa rabin. Na kuma ji daɗi da bai tambayi sauran ba.

Yohanna ya ci, da rata mai yawa. Ƙuri'ar da na sata ba a ma buƙace ta ba. Bayan haka ya yi ta bin ofis ofis har aka yi mana kwalbati a rafin. Wannan ya ƙara rikita ni. Duk sa'ad da na tsallaka kwalbatin sai in ce, to ina laifin? Duk Lahadi kuma da na ga Baba Saje a bencin gaba sai in kau da kai.

Na kai maganar wurin Dattijo Ishaku, kamar labarin wani ne a wata rumfa. Ya ce, “Wannan ai ceton ƙuri'a ya yi. In ka ga makaho zai faɗa rami, tsayawa za ka yi kana tambayarsa ko yana so?” Na fito da sauƙi a zuciya. Maganar ta zauna mini har kwana biyu.

Sai na kai wa Fasto, shi ma a matsayin labarin wani. Ya saurara yana wasa da murfin bironsa. Ya ce, “Wa ya ce rami ne? Makahon ko mai jan sa? Allah da ya halicce mu ya bar mana zaɓi, har na saɓa masa, bai kama hannun kowa ya danna ba. Wannan mutumin ya fi Allah sanin abin da ya dace ne?” Na ce amma ikilisiya ce ta yanke shawara. Ya ce, “Dattawa sun roƙi mutane. Roƙo daban, ƙwace daban.” Ya dube ni ya daɗe. “Ka gaya wa abokin naka, ba wurina zai zo ba. Ya san gidan da zai je.”

Na fito kaina ya fi dā ɗaurewa. Dukansu shugabannina ne, dukansu da sunan Allah suka yi magana. Na zaɓi wadda ta fi mini sauƙi, wato in yi shiru. Amma na daina tashi karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba mana a sujada. In an fara rabawa sai in fita kamar zan duba wani abu a ofishin ikilisiya.

Babban zaɓe na ƙasa ya zo. Na yi aiki a wannan rumfar. Da muka rufe, na duba rajista na ga sunan Baba Saje babu alama a gabansa. Karo na farko ke nan. Na ce wa kaina tsufa ne.

Da zaɓen kansiloli na gaba ya matso, na haɗu da Mama Rifkatu a kasuwar Zuru tana sayen manja. Bayan gaisuwa na tambayi Baba.

Ta ce, “Babanka yana nan, sai rigima. Ya ce shi da zaɓe har abada. Wai hannun da ba ya iya dangwala takarda ba shi da amfani. Ka san ko ƙoƙon Jibi ya daina karɓa da kansa? Sai na riƙe masa, wai kada ya zubar a gaban jama'a. In baƙi sun zo ba ya cin abinci tare da su. Tun ranar nan ta gindin mangwaro.”

Ban san yadda na koma gida ba. Ni ina ta auna ƙuri'a ɗaya da kwalbati, ashe ba ƙuri'a kaɗai na ɗauke wa mutumin nan ba.

Washegari da hantsi na je. An gama girbin dawa, yana zaune a inuwar rumbu shi kaɗai yana ɓare gyaɗa a faifai. Na tsaya daga nesa ina kallon hannun. Tsaf yake ɓarewa, ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗi ƙasa ba. Da ya ji takuna sai ya ture faifan gefe ya ɓoye hannun cikin riga.

Na durƙusa. Ban yi doguwar gaisuwa ba, don na san in na yi zan fasa. Na ce, “Baba, hannunka bai motsa ba ranar nan. Ni na kai shi kan tulu. Ƙuri'arka ba ta lalace ba, sace ta na yi, na kuma yi maka ƙarya a gaban jama'a.”

Mama tana bakin madafa, ta ji komai. Ta saki muciya. “Ka gani! Ka ƙi matarka ka ɗauki mai rantsuwa!” Ta juyo kaina. “Kai kuma, Markus, ba ka ji kunya ba? Ni da nake son tulu kamar me, da ya ce mini fitila, fitila zan kai shi, in dawo gida in yi masa mita har wata guda. Amma in juya masa yatsa? Haba!”

Kaji suka zo suna tsattsagar gyaɗar, Baba bai kore su ba. Can ya ce, “Ba ni hannunka.”

Na miƙa. Ya damƙe shi. Ya matse har na ji ƙasusuwana suna haɗuwa, hawaye ya cika mini ido.

“Ka ji?” ya ce. “Wannan hannun ne na yi shekaru ina zagi.”

“Na ji, Baba.”

“Da babanka muka yi golmo. Kowa da layinsa a gona. Akwai ranar da zazzaɓi ya kama ni, na kasa kai layina ƙarshe, ga surukai suna kallo. Ayuba ya gama nasa ya zo ya tsaya a kaina. Ka san abin da ya fara yi? Tambayata ya yi, in sa garma? Sai da na ce sa, sa'an nan ya sa.” Ya sake ni. “Na yafe maka, don ni ma mai neman gafara ne. Amma yatsana ba ka ƙara riƙe shi.”

Da na yi hankali da na tashi a nan. Amma abin ya daɗe yana cina, sai na ce, “Baba, me ya sa Umaru?”

Ya karkato kai. “Har yanzu kana ganin sai dalilina ya gamshe ka kafin ƙuri'ata ta zama tawa?”

Ban sake tambaya ba. Har ya rasu ban san dalilin ba.

Ranar zaɓen aka sake tura ni rumfar. Malam Umaru ya sake tsayawa, Yohanna ma haka. Wajen ƙarfe goma sai ga hular soja a layi. Na buga hatimi na miƙa takardar, ban ko matsa daga kujerata ba. Mama Rifkatu ta shiga lungun da shi, muna jin muryarsa ta bayan kwali: “A hankali, ba akuya kike ja ba.”

Da yamma muka ƙirga. Na faɗi na tulu, na faɗi na garma. Na ɗaga na ƙarshen sama yadda kowa zai gani, na buɗe murya na ce, “Fitila, biyu.”

Daga gindin mangwaro Baba ya ce, “Biyu?” Ya juya gefen matarsa. “Rifkatu?”

Ta gyara ɗaurin kallabinta tana kallon dutse. “Ƙuri'a sirri ce, Saje.”

Lahadin da ta biyo baya na ga ya karɓi ƙoƙon da hannunsa. Ni ma ranar na tashi na karɓa.

Kada ku ɗauka na fito daga wannan abu da amsar komai. Har yau ina ganin Yohanna ya fi cancanta, shi na zaɓa duka karo biyun. Har yau ban rubuta laifina na kai wa hukuma ba, ban kuma sani ba ko gafarar Baba ta isa ko tsoro ne ya hana ni. Maganar Dattijo Ishaku ta rami ma takan dawo mini wani lokaci, in rasa ta inda zan kama ta. Abin da na tabbatar kaɗan ne. A wannan aiki za a koya muku tsoron 'yan daba da masu zuwa da alkawari, kuma ya kamata. Amma ni ba wanda ya tsorata ni, ba wanda ya ba ni ko goro. Abin da ya kayar da ni shi ne na tabbata ina da gaskiya, kuma ba mai gani. Mutanenmu za su zo rumfarku da yarda, tsofaffi da makafi da waɗanda ba su iya karatu ba, za su ce ku ne malamai, ku kuka yi rantsuwa. Ranar da wani ya miƙo muku yatsansa, ku ce ya kira wanda ya zo da shi, ku kuma ku zauna a kujerarku ku riƙe hatiminku.